Yadda muke gano buƙatun tsoffin sojojin Amurka marasa muhalli

A cikin kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu, yankunan Amurka kan ware dare ɗaya su ƙirga mutanen da ba su da wurin kwana. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, wadda ake kira HUD, ita ta shar'anta hakan ga duk yankin da ke karɓar kuɗinta: waɗanda ke gidajen kwana na agaji a ƙirga su kowace shekara, na kan titi kuma aƙalla shekara biyu sau ɗaya, kodayake wurare da yawa suna haɗa duka biyun duk shekara. Daga wannan ƙirge ake fitar da adadin tsoffin sojoji. A 2010 an samu 74,087. A 2024 an samu 32,882, wato an rage fiye da rabi. Ci gaba ne na gaske. Sai dai mu da muke wannan aiki a matakin gari mun san iyakar abin da adadi yake iya faɗa. Yana nuna yawan mutane a dare guda, amma ba ya nuna abin da ya hana wane shiga gida alhali takardar tallafin haya tana aljihunsa. Don sanin wannan sai an zauna da mutum an tambaye shi, an rubuta sunansa, an ci gaba da bibiyarsa.

Shirinmu yakan fara tun kaka, wata uku kafin daren ƙirge. Abu na farko shi ne haɗa waɗanda za su zauna a teburi: ma'aikatan asibitin VA, wato ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, da hukumar gidaje ta gari, da masu gudanar da gidajen kwana, da coci-coci da masallatai masu raba abinci, da lauyoyin agaji, da wakilin gidan yarin gunduma. Sannan 'yan mazan jiyan da su kansu suka taɓa kwana a titi. Waɗannan na ƙarshe su ne suka san wace gada ake kwana a ƙarƙashinta, da wane filin ajiye motoci ne masu gadi ba sa kora, kuma idan babu su a zaman, taswirar da za a zana ta ofis ce kawai.

A zaman farko ake yanke wa ake nufi da marar muhalli, domin in ba a yanke ba kowace ƙungiya za ta zo da nata lissafin. A ƙa'idar ƙirgen HUD, wanda ake sa wa a lissafi shi ne wanda ya kwana a gidan agaji ko gidan wucin gadi, ko a wurin da ba a yi shi don kwana ba, kamar mota, tanti, kango ko tasha. Wanda yake raɓe a falon ɗan'uwansa ba ya shiga, ko da gobe za a kore shi. Mu muna bin ƙa'idar wajen adadin da za mu aika, amma muna buɗe wa masu raɓen shafi na daban, saboda su ne za mu tarar a titi nan da watanni kaɗan. Akwai kuma rukunin waɗanda abin ya zame wa jiki: mai wata naƙasa da ya yi wata 12 a jere ba muhalli, ko ya faɗa cikin halin sau huɗu a shekara uku, jimillar wata 12. Su ake fara bai wa gidajen dindindin, don haka dole a rubuta watannin kowane mutum da kyau.

Tambayar farko da takardar sallama

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata ƙirge yana cikin tambayar farko. In ka ce wa mutum, "Kai ɗan mazan jiya ne?", da yawa za su ce a'a. Wani yana ganin sai wanda ya je fagen daga, Biyetnam ko Iraƙi ko Afganistan. Wani an sallame shi cikin rashin daɗi, yana jin bai cancanci sunan ba. Mata kuwa sun fi kowa cewa a'a. Shi ya sa muke koya wa masu tambaya su ce, "Yallaɓai, ka taɓa yin aikin soja a Amurka?" In ya amsa, sai a bi da wace runduna, wace shekara ya shiga, yaushe ya fita, kuma in dakarun tsaron jiha ne ko na ko-ta-kwana, ko gwamnatin tarayya ta taɓa kiransa aiki na cikakken lokaci. Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi, domin a kanta haƙƙoƙi da yawa suka rataya.

Daga nan sai takardar sallama, DD-214. Ita ce mabuɗin kusan kowace ƙofa, kuma ita ce abin da ya fi ɓacewa a hannun wanda aka sha kwashe wa kaya ko ruwan sama ya jiƙa wa jaka. A kanta ake rubuta irin sallamar da aka yi wa soja. Akwai ta girmamawa, akwai ta gama-gari, akwai wadda ba ta kai ta girmamawa ba, akwai kuma biyu da kotun soja ke yankewa, ta rashin ɗa'a da ta wulaƙanci. Ga wanda ya shiga soja bayan 7 ga Satumba 1980, yawanci sai ya yi wata 24 a jere, ko ya cika wa'adin da aka kira shi, kafin ya samu cikakken haƙƙin jinya a VA, sai in an sallame shi saboda rauni ko wani uzuri da doka ta sani. Ba ma jiran takardar kafin mu fara taimako. VA tana da wata manhaja a intanet mai suna SQUARES da ƙungiyoyin da aka ba izini ke shigar da suna da ranar haihuwa da lambar shaidar mutum su ga matsayinsa nan take. In an rasa shi a can, sai a cika fom SF-180 a aika cibiyar ajiyar takardun ma'aikata da ke St. Louis, wannan kuwa yakan ɗauki lokaci.

Abin da nake jan hankalin sababbin ma'aikata a kai shi ne kada su yanke wa kowa hukunci a bakin titi. Dokokin sun sauya. Mai sallamar da ba ta kai ta girmamawa ba, a da kusan ko'ina juya shi ake yi, amma yanzu yana iya shiga manyan shirye-shiryen gidaje, har da HUD-VASH, shirin tallafin haya na haɗin gwiwar HUD da VA, tun 2021. Dattawa da yawa an taɓa ce musu ba su cancanta ba shekara ashirin da suka wuce, suka riƙe maganar, ba su sake komawa ba. Irin waɗannan muna sake duba musu daga tushe.

Daren ƙirge

Gari ake rabawa gunduwa-gunduwa a taswira, kowace gunduwa da ayarin mutum uku ko huɗu, a ciki da wanda ya san unguwar. Muna fita tsakar dare zuwa kafin asuba, lokacin da gidajen kwana suka rufe ƙofa, don kada a ƙirga mutum a ciki a sake ƙirga shi a waje. Kowane ayari yana riƙe da tocila, safa masu kauri, safar hannu, ruwa, ɗan abin taɓawa, katin sayen abinci, da maganin naloxone na farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Ba a haska wa mutum tocila a fuska, ba a ɗaga masa tanti, ba a taɓa mai barci. Daga nesa ake yin sallama a faɗi ko su wane ne. Wanda ya ga yaƙi in aka tashe shi ba zato, abin da zai biyo baya ba laifinsa ba ne. Don tace maimaici, ana ɗaukar haruffan farko na suna da ranar haihuwa da wurin da aka gamu.

Abubuwan da ke lalata daren sanannu ne. In hukuma ta tashi sansanin tantuna kwana biyu kafin ƙirge, mutane sun watse cikin daji da lunguna, adadin ya sauka ba tare da kowa ya samu gida ba; shi ya sa muke roƙon 'yan sanda da masu shara tun da wuri su dakata a makon. In sanyi ya tsananta, wasu kan haɗa kuɗi su kama ɗakin otal na dare ɗaya, su fita daga lissafi. Masu kwana a mota suna da wuyar ganewa, sai dai raɓar numfashi a gilashi ko bargon da aka toshe taga da shi. Mata kuma da gangan suke ɓoyewa, don tsaron kansu. Saboda haka a kwanaki bakwai da ke biye muna zama a wuraren cin abinci na kyauta, ɗakunan karatu da wuraren wanka, muna tambayar kowa inda ya kwana a wancan daren.

Tambayar buƙatu

Nan ne ainihin aikin. Tun 1994 VA take gudanar da wani bincike mai suna CHALENG, bisa umarnin majalisar dokoki, kuma a kansa muka gina namu. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana jera buƙatu masu yawa, daga gida da abinci da jinya zuwa haƙori, sufuri, kula da yara, neman aiki da taimakon lauya, a ce wa mutum ya nuna wacce ake biya masa, wacce ba a biya. Ana ba tsoffin sojojin nasu fom, ana ba ma'aikata nasu, sannan a ajiye amsoshin gefe da gefe. Wannan rabuwar tana da amfani ƙwarai. Ma'aikaci yakan ga matsala ta tagar ofishinsa: mai aikin jinya ya ce shaye-shaye, mai aikin gidaje ya ce ƙarancin ɗakuna. Mai matsalar kuwa sau da yawa wani abu daban yake nunawa.

Sakamakon ƙasa baki ɗaya shekara da shekaru yana maimaita abu ɗaya. Buƙatun da aka fi biya su ne waɗanda VA ke iya yi da hannunta, irin su ganin likita, magani, gwajin tarin fuka da jami'in da ke bin lamarin mutum. Waɗanda aka fi kasa biya kuwa akasarinsu na shari'a ne da na iyali: lauyan da zai tsaya wa mutum kan bashin kuɗin ciyar da 'ya'ya, hana korar haya, maido da lasisin tuƙi, share tsofaffin tara da sammaci, gyara matsayin sallama, kula da yara, da gida ga wanda sunansa ke rajistar masu laifin lalata. Abin da muke gani a garinmu bai saɓa da wannan ba.

Sai ka bi zaren kafin ka gane dalilin da ƙaramar tara take hana mutum gida. An kama shi yana kwana a wurin da aka hana, an rubuta masa tara. Takardar kiran kotu ta tafi adireshin da ya bari tuntuni, bai je ba, aka fitar da sammacin kama shi. A wasu jihohi rashin biyan tara ko bashin kuɗin ciyar da 'ya'ya yana jawo a dakatar da lasisin tuƙi. Babu lasisi, aikin gini ko na tuƙi da ya iya ya kuɓuce, domin a garuruwa da yawa na Amurka marar mota kamar gurgu yake. Bashin yana ta hauhawa, in ma ya samu aiki sai a riƙa yanke wani kaso daga albashinsa. Ranar da ya samu takardar tallafin haya ya je wurin mai gida, mai gida ya duba tarihinsa na bashi da na kotu a kwamfuta, ya ce ɗakin an riga an bayar. Likita ba zai warware wannan ba, gadon kwana ma haka. Lauya ne zai warware shi, wani lokaci da 'yan takardu kaɗan. Batun masu rajistar laifin lalata ya fi wuya, domin dokar tarayya ta hana wanda aka yi wa rajistar har abada samun tallafin haya, HUD-VASH ma bai tsira ba, ga kuma dokokin jihohi da ke hana su zama kusa da makarantu. Ba batu ne mai daɗin faɗa ba, amma in aka share shi daga rahoto, mutanen suna nan a ƙarƙashin gada ba mai sa musu ido, wannan kuma bai amfani kowa ba.

Yadda ake tambayar yana sauya amsar. Muna yi a keɓe, a zaune, cikin minti 15 zuwa 20, kuma ba jami'in da ke riƙe da fayil ɗin mutum ne ke tambayarsa ba, don babu mai kushe hannun da ke ba shi abinci a gaban idonsa. In da hali, ɗan'uwansa tsohon soja ne ke riƙe da alƙalamin. Ana farawa da masu sauƙi, abinci, wanka, waya, wurin ajiye kaya, kafin a gangaro kan lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Mace, mace ce ke tambayarta. Batun cin zarafin lalata a lokacin aikin soja ana tambayar maza da mata duka, sau ɗaya, ba tare da neman bayani ba, a kuma sanar da mutum cewa VA tana kula da wannan kyauta. Tambayar ko yana tunanin kashe kansa kai tsaye ake yin ta, ba kwana-kwana, in ya ce e kuwa an ajiye fom ke nan: ba a barinsa shi kaɗai, ana kiran 988 a danna 1, layin tsoffin sojoji. Kuma tun farko muna faɗa masa cewa cika fom ɗin nan ba alƙawarin gida ba ne. Yawancinsu an sha yi musu alƙawari.

Abubuwa biyu ke karkatar da sakamako. Na farko, waɗanda suka fi sauƙin samu su ne waɗanda tuni suke cikin wani shiri, su kuwa dole su ce ana biya musu buƙatar likita. In aka cakuɗa amsarsu da ta na kan titi, sai rahoto ya fito fes alhali ba haka abin yake ba. Muna lissafa kowane rukuni daban: na titi, na gidan kwana, waɗanda suka shiga gida, mata, da waɗanda suka haura shekara 55. Na biyu, an horar da soja kada ya nuna gazawa. Dattijo yana ɗingishi, ƙafarsa a kumbure, ka tambaye shi lafiya ya ce lau. Fom ɗin ba da maki irin VI-SPDAT, wanda garuruwa da yawa suka yi amfani da shi wajen jera wa za a fara bai wa gida, ya dogara ne da abin da mutum ya faɗa da bakinsa, an kuma soke shi da cewa yana rage wa baƙar fata maki, har masu shi suka daina goyon bayansa. Don haka mai tambaya yana da gurbin rubuta abin da idonsa ya gani, kuma maki kaɗai ba ya yanke hukunci.

Rukunin dattawa yana buƙatar a dube shi da kyau, domin kullum ƙaruwa yake. Gidan kwanan da ke da gado mai hawa biyu, ko wanda ke fitar da kowa da sassafe, ba wurin mai sandar dogarawa ba ne. Wani ba gida kawai yake buƙata ba, sai da mai taimaka masa wanka da shan magani. Haƙori ma yana yawan fitowa, saboda haƙƙin gyaran haƙori a VA ƙuntatacce ne, wanda ba shi da haƙoran gaba kuwa yana jin nauyin zuwa ganawar neman aiki.

Daga takarda zuwa aiki

Duk wanda ya yarda ya sa hannu a takardar izinin raba bayanansa, sunansa yana shiga jeri ɗaya da dukkan ƙungiyoyin ke gani. Duk mako ko mako biyu ana zama a bi jerin suna bayan suna: ina yake kwana, wa ya gan shi na ƙarshe, me ya rage, wa zai yi, zuwa yaushe. A nan ake haɗa mutum da abin da ya dace da shi. Mai doguwar jinya ko naƙasa, HUD-VASH: yana biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cika sauran hayar, VA ta ba shi jami'i mai bibiya. Wanda aiki ne ya kuɓuce masa ko haya ta taru masa, shirin SSVF da aka fara a 2011, mai biyan kafin alƙalami da hayar 'yan watanni. Wanda yake son zama a wuri mai tsari kafin ya tsaya da ƙafarsa, gidajen wucin gadi na GPD, har zuwa wata 24. Ba a gindaya wa kowa sharaɗin sai ya daina sha kafin a ba shi gida. Gidan ake fara bayarwa, jinya ta biyo. Ma'aunin da hukumomin tarayya suka sa shi ne a shigar da mutum gida cikin kwana 90 a matsakaici. Da irin wannan jerin sunaye birnin New Orleans ya kai ga sanar da cimma burinsa na kawo ƙarshen rashin muhalli tsakanin tsoffin sojoji a Janairun 2015, jihar Virginia ta biyo a Nuwamban shekarar.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin samun takarda da karɓar makulli. Waya ta mutu ko an sace, an rasa mutum mako uku, shi ya sa tun ranar farko muke rubuta wurare biyu da ake samunsa da rana da sunan wanda ya san inda yake. Katin shaida da takardar haihuwa sukan ci makonni, don haka ana fara nemansu tun kafin a ga gida. Mai gida ya yarda, sai jiran masu duba lafiyar gini ya yi tsawo, ya ba wani. Bayan an shiga ma ba a gama ba. Ɗaki ba katifa ba tukunya, ba kowa a kusa, wanda ya saba da abokan sansani sai kaɗaici ya mayar da shi inda ya fito. Watanni ukun farko su ne na ziyara akai-akai.

A ƙarshen zagayen muna ɗora buƙatun da aka faɗa a kan abin da gari yake da shi, gado nawa, takardun haya nawa, lauya nawa, mu zaɓi giɓi uku kawai na shekarar, kowanne da ƙungiyar da ta ɗauka da ranar da za ta kawo bayani. In an zaɓi goma, babu wanda ake yi. Inda shari'a ta fito a sama, maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne kawo lauyoyi cikin asibitin VA a rana tsayayya, da zaman kotu na musamman inda alƙali ke karɓar shaidar jinya ko aikin sa-kai a madadin tara. Wannan kotu a San Diego ta samo asali a 1989, a taron Stand Down da aka fara a can a 1988, inda ake tara dukkan hidimomi a fili ɗaya na 'yan kwanaki. Tun 2023 VA ma ta fara ba ƙungiyoyin lauyoyi tallafin kuɗi don wannan aiki. Sakamakon kuma muna mayar da shi ga waɗanda suka amsa tambayoyin, a karanta musu a gidajen kwana, su faɗi inda muka fahimce su ba daidai ba.

Jerin sunayen yana nuna wani abu da ƙirgen Janairu ba ya nunawa, wato sababbin da ke shigowa kowane wata da inda suke fitowa. Ƙofofin sanannu ne: korar haya, rabuwar aure, sallama daga asibiti, fitowa daga gidan yari. Tun 2012 asibitocin VA suke yi wa masu zuwa jinya tambaya biyu, ko mutum yana da tsayayyen wurin zama a wata biyun da suka wuce, da ko yana fargabar rasa shi a wata biyu masu zuwa. Mun roƙi asibitocin gari da gidan yarin gunduma su ƙara tambayar aikin soja a fom ɗinsu na karɓar mutum, su kuma sanar da mu tun ana saura wata ɗaya a sallame shi, domin a wannan watan ana iya nemo DD-214, a buɗe masa fayil, a tanadi gadon da zai sauka a daren farko.